Kwali da Abin da ke Ciki: Jituwar Hoton Talla da Bidiyon Waƙa a Ƙasar Kano

1. Mafarin magana

A garin Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa da ke arewa maso gabashin birnin Kano, akwai irin rumfunan nan da yanzu da wuya a sami kasuwar ƙauyen da ba su, watau rumfunan masu cajin waya. Mai rumfa yana da ɗan janareto da kwamfuta guda, kuma ban da caji ya kan tura wa mutane waƙoƙi da finafinai cikin wayoyinsu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wata rana bayan girbin gero ina zaune a irin wannan rumfa ina jiran wayata ta cika, sai ga wani saurayi ya dawo da tasa a hannu, ransa a ɓace. Ya ce wa mai rumfa, "Haba Yaya, ai ba wannan na ce ka tura mini ba. Wadda na nuna maka a bango mai jan gyale ce, a bakin ruwa." Mai rumfa ya duba, ya ce, "Wallahi ƙanena ita ce, dubi sunan." Suka yi ta ja-in-ja. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga kowannensu yana da gaskiya. Sunan waƙa ɗaya ne, mawaƙi ɗaya ne, amma yarinyar da ke jikin fasta da jan gyale, a cikin bidiyo shuɗin leshi ta sa, kuma tun daga farkon waƙar har ƙarshenta babu ko kududdufi, a cikin falo aka ɗauke ta.

Kuɗin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa na ga batun ya cancanci a rubuta shi a nan shi ne, saurayin nan ya karanta hoton bango kamar yadda a ke karanta jimla, ya fahimci wani abu daga gare shi, sa'an nan ya tarar abin da aka ba shi ya saɓa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin bidiyon waƙa da hoton da a ke tallarsa da shi, ko kwalin kaset ne, ko fasta, ko ɗan hoton da ke fara bayyana a fuskar waya, da kuma dalilan da kan sa su saɓa wa juna. Na ɗauki misalai daga ƙasar Kano, domin a nan ne cibiyar wannan sana'a ta ke. Ƙasar Zakirai kuwa irin ƙasar nan ce da Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka bayyana a 1965, ƙasar da ke kewaye da Kano wadda jama'a suka yi yawa cikinta, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. A irin wannan wuri, in aka yi wa mutum ɗaya cinikin biri a sama, kafin kasuwa ta sake ci labari ya zaga.

2. Asalin darajar kwali

A zamanin faifan garmaho da farkon zuwan kaset, batun jituwa bai taso ba, domin babu hoto mai motsi da za a gwada kwali da shi. Kwalin waƙar Alhaji Mamman Shata hoton Shata ne, na Ɗanmaraya Jos kuma Ɗanmaraya ne da kuntiginsa. Mai murya shi ne mai fuska, magana ta ƙare. Inda mutanen Kano suka fara koyon karatun hoton talla shi ne ƙofar gidajen sinima, waɗanda na farkonsu, watau Rex, aka buɗe a 1937. Da finafinan Indiya suka karɓi gari, yawancin masu kallo ba su jin harshen, ba su kuma karanta sunan fim, sai dai su dubi fasta su gane fuskoki, har su laƙaba wa 'yan wasan sunayen Hausa, kamar yadda aka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Tun daga nan ido ya saba da cewa fuskar da ke bango ita za a tarar a ciki.

Fim ɗin bidiyo na Hausa da a ke ɗauka na farko a kasuwa shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Tsarin ciniki da ya biyo baya shi ya kamata a lura da shi. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kasuwar Ƙofar Wambai, ya bayyana cewa mai shirya fim ya kan miƙa wa ɗan kasuwa uwar kaset, ɗan kasuwa ya riƙa kwafa da nasa kaset ɗin da nasa injina. Abin da mai fim ke bugawa da kansa ya sayar, ya sami kuɗinsa, shi ne kwali. Watau a wancan tsari kwali shi ne hajar mai fim, shi ne kuma shaidar cewa kaset na halal ne ba na sata ba. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa aka riƙa zuba wa kwali duk ƙawar da a ke iyawa, wani lokaci har fiye da abin da fim ɗin ya ƙunsa. A nan ne jarrabawa ta fara: abin da ke kawo kuɗi daban, abin da mai saye zai kalla a gida daban.

Sai kuma waƙa ta shigo da nata rikicin. Bayan fitowar Sangaya a 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya tabbata ga kowa cewa waƙa da rawa ke sayar da fim. A kan yi waƙa a situdiyo da fiyano kirar Yamaha, mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha su rera, sa'an nan 'yan wasa su hau kai suna motsa baki, kamar yadda a ke yi a Indiya. To, ga murya ta wani, ga fuska ta wani. Wa za a sa a kwali? Shekaru da yawa amsar kasuwa ita ce ɗan wasa, mawaƙi kuwa sai dai a ga sunansa da ƙananan baƙaƙe, in ma an rubuta. Daga baya, da mawaƙa irin su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita da Nazifi Asnanic suka yi suna da kundin waƙoƙinsu na kansu, sai fuskar mawaƙi ta dawo kwali. Amma tambayar ba ta mutu ba, domin har yanzu a kan ɗauki bidiyon waƙa da 'yan wasa, shi mawaƙin ya bayyana kaɗan ko kuma kada ya bayyana sam.

3. Abin da na ke nufi da jituwa

Malaman nahawu sun san cewa a jimlar Hausa kalmomi su kan bi juna wajen jinsi da adadi. Mu kan ce farar riga, farin wando, fararen riguna. Mu ce yarinya ta zo, yaro ya zo. Kalmar "farar" da kalmar "riga" ba abu ɗaya ba ne, ba su ma yi kama ba, amma akwai alama a jikin ta farko da ke shaida cewa ta biyu na tafe. In wani ya ce "farin riga", ko yaron da bai shiga makaranta ba zai ji kunnensa ya ƙi. Wannan shi ne abin da na ke nufi da jituwa, kuma ina ganin haka dangantakar kwali da bidiyo ta ke. Ba lalle ne kwali ya zama ɗaya daga cikin hotunan bidiyo ba. Abin da ya wajaba shi ne alamun da ke jikinsa su yarda da abin da ke tafe. Alamun kuwa su ne fuska, sutura, launi da rubutu.

Batun fuska ba ya bukatar dogon bayani. Wanda aka sa babba a tsakiyar fasta, mai kallo na sa ran shi ne zai daɗe a ido. In aka sa shahararriyar 'yar wasa ta cika rabin takarda alhali giftawa kawai ta yi, wannan ba kuskuren jituwa ba ne, algus ne, kuma kowa ya san sunansa.

Sutura ce ta fi nauyi, domin a wurin Bahaushe tufa magana ce. Babbar riga da rawani da alkyabba suna cewa waƙar fada ce, ko ta wani mai sarauta. Shi ya sa tun da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa a 2018, duk inda aka ga hotonsa da rawani an san irin waƙar da za a ji. Kaftanin shadda da hula ƙube, tare da 'yan mata cikin anko, suna cewa waƙar biki ce. Hijabi da farar jallabiya suna cewa bege ne ko wa'azi. Ƙananan kaya da hular hana-salla suna cewa kiɗan zamani ne na samari. Mutumin Zakirai da bai iya karatun boko ba yana karanta waɗannan duka ba tare da gargada ba, kuma a kansu ya ke yanke shawarar ko waƙa ta dace ya kai ta gida inda matarsa da 'ya'yansa za su gani, ko kuwa ta majalisar samari ce. Saboda haka in fasta ta nuna mayafi har gwiwa, bidiyo kuma ya zo da wani abu daban, ba ƙawa aka ɓata ba, amana aka ci, domin an sa magidanci ya shigar da abin da bai yi niyya ba cikin gidansa.

Akwai wata wahala a nan wadda ta samo asali daga koyi da Indiya. A cikin waƙa ɗaya ta minti biyar 'yar wasa ta kan canja kaya sau uku ko huɗu, wuri ma ya canja daga lambu zuwa falo zuwa kan dutse. To wace shiga ce ta waƙar? Ra'ayina shi ne a ɗauki shigar amshi. Ginin waƙar Hausa, ta gargajiya da ta zamani, a kan amshi ya ke. Shi ne a ke komawa gare shi bayan kowane ɗa, shi ne yara ke kamawa a titi, kuma sau da yawa daga cikinsa a ke ciro sunan waƙar. In mai ɗaukar bidiyo ya keɓe wa amshi shiga ɗaya da wuri ɗaya, ya riƙa komawa gare su duk sa'ad da amshi ya zagayo, sa'an nan aka ciro hoton talla daga nan, to ido da kunne sun haɗu a abu guda. Mai kallo zai ga jan gyalen nan sau biyar ko shida, ba zai yi shakkar ko ita aka tura masa ba.

Launi kuma yana da ɓangare biyu, na injin da na harshe. Fuskar talabijin da ta waya suna haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu ya ke aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya bayarwa waɗanda tawada ba ta kai gare su, musamman shuɗi da kore masu ƙyalli, don haka shaddar da ke walƙiya a kwamfuta ta kan fito a takarda kamar an wanke ta sau goma. Bayan haka ga rana. Fastar da ta yi wata biyu a bangon rumfa, rawaya da ruwan hoda ke fara kodewa, a bar shuɗi, shi ya sa tsofaffin fastoci duka su ke komawa launi guda. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Amma abin da na lura shi ne ba kowane saɓanin launi ke damun mai kallo ba, kuma a nan ne ilmin harshe ke da abin cewa. Kalmomin launi na Hausa suna da faɗi. "Ja" ya haɗa tun daga jan jini har zuwa abin da ya kusa ruwan goro. Wanda ya so bambantawa sai ya ƙara wata kalma, ya ce ja wur, kamar yadda a ke cewa fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Muddin launin takarda da na bidiyo suna cikin gonar kalma ɗaya, mai kallo ba ya kuka, ko da injin ya rage ko ya ƙara. Kuka na tasowa ne in an tsallake iyaka daga kalma zuwa kalma, ja ya koma shuɗi, ko kore ya koma ruwan toka. Haka kuma launin fata. Hausa ta raba baƙa, da wankan tarwaɗa, da fara. Masu haɗa fasta a kwamfuta sun saba ƙara wa fuskar mata haske, kuma in an ƙara kaɗan ba wanda zai tanka. Amma sa'ad da yarinya wankan tarwaɗa ta fito a bango fara sol, an fitar da ita daga kalmar da a ke siffanta ta da ita, sai ka ji ana cewa "ba ita ba ce". Ba zan shiga batun abin da wannan ɗabi'a ke koya wa 'yan mata game da man shafawa ba, ko da ya ke malaman makarantun mata sun fi ni sanin girmansa.

4. Rubutu

Wannan sashe ya fi shafar mu da ke koyar da harshe. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin aikin fassara da talifi a Zariya, aka shigar da baƙaƙe masu ƙugiya cikin rubutun boko, watau ɓ, ɗ da ƙ. Yau shekara kusan 90 ke nan, amma mafi yawan salon baƙaƙen ado da masu haɗa fasta ke so ba su da waɗannan uku, domin ba don Hausa aka ƙera su ba. Sai a ga mai tace bidiyo ya rubuta suna da ƙugiya a farkon waƙa, mai fasta kuma ya zubar da ita, ko akasin haka. Mu ɗauka an yi waƙar soyayya mai suna Ƙishi. In ƙugiya ta faɗi ta zama Kishi, kuma duka biyun sunaye ne da suka dace da waƙar soyayya, amma ɗaya na mai bege ne, ɗaya kuwa na mai abokiyar zama. Haka baƙi da baki, ɓari da bari, ƙafa da kafa. Mai karatu ya kan gane daga muhalli in a cikin jimla ne. Sunan waƙa kuwa kalma ɗaya ce tsaye ita kaɗai, babu abin da zai taimake ta sai hoton da ke gefenta.

Ga kuma sunayen mutane. Mawaƙi ɗaya a kan rubuta shi Muhammad a fasta, Mohammed a bidiyo, Moh'd a wani wuri; Sharif a nan, Shareef a can. A zamanin kwali wannan bai hana ciniki ba, domin ana ganin fuska. Yanzu da a ke neman waƙa ta hanyar rubuta suna a YouTube ko Audiomack, bambancin baƙi ɗaya ya kan raba waƙoƙin mutum gida biyu. Dole in yarda cewa yawancin masu nema ba su sa ƙugiya, ko don allon rubutun wayarsu ba shi da ita, ko don ba a saba ba. Saboda haka ba na ganin laifin mawaƙin da ya bar ƙugiya a layin da injin nema ke karantawa. Amma abin da aka zana a jikin hoto, da abin da ke bayyana a farkon bidiyo, ido ne ke karanta su ba inji ba, kuma babu hujjar da za ta sa su bambanta da juna ko su saɓa wa ƙa'idar rubutu.

5. Me ke kawo saɓani?

Da wuya a ce mugunta ce. Yawanci tsarin aiki ne da ƙarancin kuɗi. Mawaƙi ya kan rera waƙa a situdiyo, ya je gidan hoto a ɗauke shi, a haɗa hoton talla a saki murya. In waƙa ta karɓu, kuɗi suka samu, sai a yi shirin bidiyo, wataƙila bayan wata huɗu ko shida. A tsakanin nan kayan da aka ara wurin tela ko mai shago an mayar, an sayar; yarinyar da aka yi hoto da ita ta yi tafiya, ko ta yi aure ta bar sana'ar, kamar yadda aka saba gani; damina ta wuce, ruwan da ke bayanta a hoto ya ƙafe, ko kuwa da ma ba ruwa ba ne, a kwamfuta aka liƙa shi. Mai ɗaukar hoto daban, darakta daban, mai tacewa daban, mai ɗab'i daban, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ga aikin ɗan'uwansa. Maganin ba shi da tsada. A ɗauki hoton talla ranar da a ke ɗaukar bidiyo, a wuri ɗaya, da haske ɗaya; in kuwa murya ta riga fita da wani hoto, a sake sabo ranar da bidiyo zai fita. Mutum ɗaya ya riƙe takardar da aka rubuta sunan waƙa da na mawaƙi yadda za su bayyana ko'ina, da irin baƙaƙen da aka zaɓa. Kuma kafin a buga fasta da yawa a buga ɗaya, a ajiye ta kusa da waya a duba da ido.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi, shi ne cewa hoto yana da masu kallo iri biyu. Bidiyo sai wanda ya so ya ke kallo. Fasta kuwa liman na gani, dagaci na gani, uban yara na gani a hanyarsa ta zuwa gona. Bayan Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, ban da hukumar tarayya da aka kafa tun 1993 wadda ke rarraba finafinai bisa ga shekarun masu kallo. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango a Kano a kan kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda hukuma ta ce bai bi ta hannunta ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙin nan ClassiQ. Duk mai sana'ar nan ya san waɗannan labarai, don haka ya kan ji ana jansa gefe biyu: ya rufe a bango don idon manya, ya buɗe a ciki don idon samari. Wasu kuma su kan juya, su sa abin jan ido a ɗan hoton intanet alhali bidiyon kansa ba shi da kome. A ganina duka biyun hasara ce ga mai waƙa. Na farko asirinsa bai daɗewa, domin kowa na iya tsayar da bidiyo ya ciro hoto guda ya watsa, kuma hoton nan ya kan yi tafiyar da bidiyon bai yi ba. Na biyu kuwa ya jawo wa kansa zargin laifin da bai aikata ba.

6. Jituwa ba kwaikwayo ba ce

Kada a ɗauka ina cewa ne dole kwali ya maimaita bidiyo. A kwalin kundin Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a Amurka a 1982, farar kwat ya sa. A bidiyon waƙar da John Landis ya ɗauka a 1983 kuwa jar riga ce ta fata, kuma ita duniya ta riƙe. Ba wanda ya ce an cuce shi, domin kwalin na kundi ne mai waƙoƙi tara, bai yi wa kowa alkawarin wani wuri ko wani labari ba, fuskar mai waƙa kawai ya nuna. A nan gida Nijeriya, Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti kwalaye fiye da ashirin tun daga 1974, kuma duk wanda ya ga ɗaya ya san irin zafin maganar da ke ciki tun bai sa faifai ba. Bambancin waɗannan da fastar Zakirai shi ne, ita ta faɗi magana takamaimai: ga mace, ga jan gyale, ga bakin ruwa. Gwargwadon yadda hoto ya fayyace, gwargwadon nauyin da ya ɗaukar wa kansa. Wanda bai tabbatar da abin da bidiyonsa zai ƙunsa ba, gara ya tsaya ga fuskarsa da sunansa, kamar yadda aka yi wa Shata.

7. Bayan mutuwar kwali

Cinikin kaset da faifan sidi ya durƙushe, kwalin da a ke riƙewa a hannu ya kusa zama tarihi. Abin da ya gaje shi yana da siffofi da yawa, kuma kowace da girmanta. Bidiyo a kwance ya ke, faɗi 16 tsawo 9, haka ma ɗan hoton da ke wakiltarsa a YouTube. Hoton waƙa a shafukan sauraro murabba'i ne. Na TikTok a tsaye ya ke, 9 da 16. In aka haɗa hoto guda aka bar injina su yanke shi, sai a ga an sare kan mawaƙi a nan, an cinye rabin suna a can. Mai haɗawa ya kamata ya tara fuska da suna a tsakiya, ya bar gefe ya zama abin da za a iya zubarwa. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye ƙasar Hausa a 2020, ta nuna wani abu kuma: da mata suka riƙa ɗaukar kansu suna rawarta suna watsawa, sai ya zama hotunan da ke tallar waƙar ba daga hannun mai ita su ke fitowa ba. Wannan ba wanda ke da iko da shi.

A ƙauye kuwa al'amarin ya fi haka. Waƙar da ta iso Zakirai sau da yawa ba daga intanet mai waya ya sauke ta da kansa ba. Daga kwamfutar mai rumfa ta shiga katin waya, daga nan ta bi Xender ko Bluetooth daga aboki zuwa aboki. A wannan tafiya duk hoton talla da aka wahala a kai ya kan faɗi a hanya. Abin da ke isowa shi ne sunan fayil da wani hoto da waya ta ciro da kanta, galibi daga farkon bidiyo. In farkon nan baƙin allo ne, ko tambarin kamfani, to waƙoƙi goma za su jeru a waya duka da fuska ɗaya. Saboda haka ga mai kallo na karkara daƙiƙun farko na bidiyo su ne kwali, kuma mai hikima zai sa hoton tallarsa da sunan waƙa a nan, cikin jikin bidiyon, inda ba su rabuwa da shi.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, akwai darasi a nan da ba ya bukatar kayan aiki. A sa ɗalibai su kawo hoton talla biyar da bidiyonsu, su siffanta kowanne da jimla uku kafin kallo, su sake siffantawa bayan kallo, sa'an nan a gwada sifofin da suka yi amfani da su. A kuma sa su gyara rubutun da ke jiki bisa ga ƙa'ida. Akwai kuma abin da ya kamata a tattara tun bai ɓace ba, ban da tsofaffin kwalayen Ƙofar Wambai da ke ruɓewa a buhuna. Masu rumfa su kan sake wa fayil suna da kansu, domin su gane abin da mai saye ke nufi. A kwamfutar mai rumfar nan na ga jerin irin waɗannan sunaye, ba sunan waƙa ba sunan mawaƙi, sai "mai doki", "ta biki sabuwa", "masu anko kore". Da na koma bayan mako biyu, waƙar da aka yi rigima a kanta ya rubuta mata "mai jan gyale amma shuɗi".